Sayen Gida: A Nemi Lauya Kafin A Biya Kuɗi

Biyan kuɗi da karɓar mabuɗi ba su isa mallakar gida a idon doka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginar da fili mai takardar mallaka ba tare da amincewarsa ba. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta soke wata jingina saboda rashin wannan amincewa.

Don haka aikin farko na lauya shi ne bincike a ofishin rajistar filaye, don gano ainihin mai gidan, da ko an jinginar da shi a banki. In gidan gado ne, sai ya tabbatar dukkan magada sun yarda. Daga nan ya rubuta yarjejeniya, a nemi amincewar gwamna, a biya harajin hatimi, a yi rajista.

Wajibi ne mai saye ya ɗauki lauyan kansa, wanda sunansa ke cikin rajistar Kotun Ƙoli, ba na mai sayarwa ko dillali ba. A kuma daidaita ladansa a rubuce tun farko.