Kumfar Kanwa da Iskar da ke Cikinta

Duk macen da ta taɓa dama kunu a Dukku, ko a wani gari na ƙasar Kontagora, ta san kunun tsamiya daban, kunun kanwa daban, kuma da wannan sanin ta riga ta ci rabin darasinmu. Tsamiya tana cikin dangin da masana ke kira asid. Kanwa kuwa tana ɗaya ɓangaren, wato alkali, ita da ruwan toka da sabulu. To, jiƙa tsamiya ka tsiyaya ruwanta kan dakakkiyar kanwa. Nan take za ka ga tana tafasa ba wuta, kumfa na tashi. Iskar da ke cikin kumfar nan ita ce kabon dayoksaid, CO2.

Ina matuƙar son gwajin nan, don ba ya neman ɗakin bincike, madafa ta isa. Kanwa gishirin kabonet ce. Iskar tana ɗaure a jikinta tun daga ƙasar Manga da bakin Tafkin Chadi inda ake haƙo ta, sai asid da ya fi ƙarfi ya zo ya kwance ta. Abin da Joseph Black ya gano ke nan a Sikotlan a shekarun 1750, da ya zuba asid a kan alli.

Ita kanta iskar, asid ce ko alkali? A bushe ba ta nuna halinta. Sai ta narke a ruwa take zama asid mai rauni, H2CO3. Shi ya sa ko ruwan sama mai tsabta yake tsayawa wajen 5.6 a ma'aunin pH, bai kai 7 ba, yayin da lemun tsami ke wajen 2. Mai son gani da ido ya nemi zoɓo: ja ne wur a cikin tsami, ɗiga masa ruwan kanwa ya rine ya yi duhu. Idan kanwar ƴar kaɗan ce, ka sa tsinken shan lemo ka yi ta hurawa a ciki, launin zai fara ja da baya. Numfashinka ne ya yi aikin.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu cewa gas ɗin lemun kwalba da gas ɗin girki abu ɗaya ne. Haba! Na girki na ci da wuta, na lemo kuwa, wato CO2, kashe ta yake yi, shi ake ɗurawa a wasu tukwanen kashe gobara. Na girki daga dangin alkane yake, kabon da haidirojin zalla: methane mai kabon 1, ethane 2, propane 3, butane 4, ƙa'idarsu CnH2n+2. Na ukun da na huɗun ne a tukunyar gas. Sarƙar na ƙara tsawo, abin na ƙara kauri, daga fetur zuwa kananzir zuwa kyandir. Ba ruwansu da asid ko alkali, ƙonewa suka fi iyawa, su bar CO2 da tururi.

Sai maganar rijiya. Sau nawa aka ce aljanu sun shaƙe wanda ya shiga yasar tsohuwar rijiya, na biyu ya bi shi ceto, shi ma ya tafi? CO2 ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi, ba launi, ba wari, sai ta kwanta a ƙasan rami. A daren 21 ga Agusta 1986 irinta ta taso daga Tafkin Nyos na Kamaru, ta gangara kwari ta hallaka mutum sama da 1,700 da dabbobinsu. Kafin kowa ya sauka rijiya, a zura fitila mai ci da igiya har ƙasa. In ta mutu, kada a shiga sai an kaɗa iska a ciki an sake gwadawa.