Labarin Wani Wasan Yaƙi Na Kwamfuta Da Masu Yi Masa Hashiya

Ka sani, ya kai mai karatu, mayaƙa ba su gushe ba tun zamanin da suna neman dabarar koyon yaƙi ba tare da an zubar da jini ba. A shekarar 1824 wani saurayin hafsa na ƙasar Purushiya, wadda daga baya ta zama jigon Jamus, sunansa Reisswitz, ya kai wa manyan soja wani wasa da ya gada wurin ubansa ya kyautata shi. Akan shimfiɗa taswira bisa tebur, a jera gutsattsarin darma ja da shuɗi a madadin runduna biyu, kowane sashe ya rubuta umurninsa a takarda, alƙali ya karɓa, ya jefa ƙuri'a, ya duba jadawali, sa'an nan ya faɗi wanda ya halaka da wanda ya tsira. Da babban hafsansu, Janar Müffling, ya gani, sai ya shaida cewa abin ya wuce wasa, horon yaƙi ne, ya kuma yi umurni a yaɗa shi cikin runduna. Bayan da Purushiya ta ci Faransa da yaƙi a 1871, sauran ƙasashe suka yi ta kwaikwayonsa.

Wannan alƙali mai ƙuri'a da jadawali, shi ne kwamfuta ta gaje aikinsa. Cikin wasannin da suka fito ta wannan hanya akwai wani da ake ce da shi Steel Panthers, wanda wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna SSI ya fitar a 1995. Mutum biyu ne suka tsara shi, Gary Grigsby da Keith Brors, abin da ya ƙunsa kuwa shi ne faɗace-faɗacen Yaƙin Duniya na Biyu.

Ga yadda ake yinsa. An rarraba filin daga gida-gida, kowane gida mai kusurwa shida kamar saƙar zuma, faɗinsa yadi 50. Kowane ɗa da mai wasa ke motsawa, ko dai tankar yaƙi guda ce, ko igwa guda da masu harba ta, ko kuwa ƙungiyar dakaru wajen mutum goma da sajensu. Mai wasa ya motsa nasa duka, ya yi harbin da zai yi, kana ya sakar wa abokin gaba, kamar yadda ake yi a dara. Amma ya saɓa wa dara ta wata fuska mai girma, domin a dara kowa na ganin 'ya'yan kowa, a nan kuwa ba a ganin maƙiyi sai wani daga cikin mutanenka ya hango shi. Sau da yawa tanka na tafe lami lafiya bisa hanya, sai igwar da ke ɓoye cikin kurmi ta yi magana, ba a ankara ba sai hayaƙi. Wadda ta harba tana cikin tafiya ba ta cika samu ba. Manyan igwa na bayan daga kuwa, in an kira su, ba su amsawa nan take. Sai an jira juyi biyu ko uku, watakila kafin ruwan harsashi ya sauka maƙiyi ya riga ya bar wurin, ko kuma naka ne suka isa can.

Abin da ya fi ɗaukaka wannan wasa shi ne bai ɗauki soja tamkar dutsen dara ba. Kowace ƙungiya tana da ma'aunin ƙwarewa, da na ƙarfin zuciya, da na firgita. In aka yi musu luguden wuta, ko da ba a kashe ko mutum ɗaya ba, firgitarsu takan hau, su kwanta rub da ciki su ƙi gaba. In ta ƙara hawa su ja da baya, in ta kai matuƙa su watse da gudu, mai wasa na kallo ba shi da iko a kansu. Sai fa in shugabansu ya tsawata musu suka natsu, in ya kasa a nemi na gaba da shi, matuƙar yana kusa ko akwai rediyo tsakaninsu. Sabon shiga yakan jahilci wannan, ya kwashi tankoki ya danna cikin gari ba dakaru a gabansu, sai mutum biyu da ke laɓe bayan bango su ƙone masa abin da ya fi taƙama da shi. Sauri ya haifi nawa. Wanda ya daɗe yakan tura 'yan leƙen asiri tukuna, ya watsa hayaƙi, ya danne kan maƙiyi da bindiga mai ruwa, sa'an nan ya zagaya ta gefe. Akwai kuma doguwar fita, inda runduna ɗaya za ta bi mai wasa daga wannan daga zuwa waccan har ƙarshen yaƙi, waɗanda suka rayu suna ƙara gogewa. A nan ne akan ga babban mutum ya rasa wata tanka da ya yi rainonta tun daga 1941, ya wuni ba walwala.

To, duk wannan matani ne. Abin da ya raya shi har ya wuce shekara 25 ana yinsa kuwa, hashiya ce. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafi na hannu ya san yadda rubutun mawallafi ke zaune a tsakiya da manyan baƙaƙe, almajirai kuwa sun cika gefe da ƙanana, wannan ya fassara kalma, wancan ya gyara kuskuren mai kwafa, wani ya kawo saɓanin ruwaya. Haka aka yi wa wannan wasa. Tun farko an haɗo shi da abin zana taswira, mutum ya dasa tudu da rafi da gada da ƙauye inda ya so, ya jera runduna biyu, ya gina wata daga da ya karanta labarinta. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne taɓa jadawalin, domin kowace tanka da kowace bindiga a cikin wasan ba kome ba ce face jerin lambobi: kaurin sulkenta ta gaba da ta gefe da ta baya, nisan harbinta, abin da harsashinta ke iya hudawa, saurinta, farashinta, da watan da ta fara shiga yaƙi da wanda ta daina.

A kan waɗannan lambobi ne aka yi ta muhawara. Alal misali, tankar Jamus da ake kira Tiger, wato damisa, kaurin ƙarfen gabanta milimita 100 ne, a tsaye cak. Tankar Rasha T-34 kuwa nata milimita 45 ne kacal. Mai duban zahiri sai ya ce na damisa ya ninka. Amma ƙarfen T-34 a kishingiɗe yake, ya karkata daraja 60 daga tsaye, kuma duk wanda ya taɓa datsa rake a karkace ya san wuƙa ta fi yin tafiya bisa ga in an datsa shi a miƙe. In aka yi lissafi, harsashin da ya zo kai tsaye sai ya keta milimita 90 kafin ya shiga, ban da cewa yakan zame. To, wace lamba za a rubuta a jadawali, 45 ko 90, ko wata tsakaninsu? Wace ƙasa za a gaskata game da ƙarfin igwa, alhali kowace da irin ƙarfen da take gwaji a kai da irin abin da take kira hudawa? Masu gyara sukan kwana bisa takardun gwaji na soja saboda lamba ɗaya, kuma wanda ya zo da magana ba hujja ba a sauraronsa. Mas'alar yawa ma haka take. Damisa ta farko ba ta shiga fagen fama ba sai a 1942, kusa da birnin Leningrad, kuma duk abin da Jamus ta ƙera wajen 1,350 ne, alhali Amurka ta ƙera tankar Sherman kimanin 49,000. Amma in aka bar mai wasa da son ransa, kowace daga sai ya cika ta da damisa, har yaro ya tashi yana zaton haka yaƙin ya kasance.

Wannan ne ya sa aikin ya fi ƙarfin a kira shi wargi. Samari da yawa ba su buɗe littafin tarihi ba, abin da suka sani na wannan yaƙi daga irin waɗannan wasanni suka ɗauko shi, lambar da aka rubuta bisa kuskure kuwa takan zauna a zuciya tamkar yaƙini, don mutum ya gan ta tana aiki da idonsa. Dubi dagar Prokhorovka, wadda aka yi ran 12 ga Yuli 1943 cikin yaƙin Kursk. Shekara da shekaru ruwayar da ta shahara ita ce ta Rasha, cewa an ƙone tankokin Jamus ɗaruruwa a wannan yini, da damisa masu yawa a ciki. Da aka buɗe taskokin takardu bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, masu bincike, har da na Rasha kamar Valeriy Zamulin, suka gwada lissafin sassan biyu, sai ga shi damisar da Jamusawa ke da su masu aiki a wurin ba su kai 20 ba, tankokin da suka rasa har abada kaɗan ne ƙwarai, rundunar Janar Rotmistrov kuwa ta rasa fiye da 200. Wanda ya gina wannan daga bisa tsohuwar ruwaya, da wanda ya gina ta bisa sabuwa, suna ɗaya suka sa mata, amma abin da ɗalibi zai koya daga gare su ya yi hannun riga.

Sai dai hashiya tana da iyaka. Mai gyara na iya sauya lamba, ba ya iya sauya hukuncin da ke aiki da lambar, domin hukuncin yana cikin asalin rubutun da aka gina wasan da shi, shi kuwa yana kulle a hannun kamfani. Kamfanin ya fitar da na biyu a 1996, mai ɗauke da yaƙe-yaƙen bayan 1950, da na uku a 1997, daga nan ya juya ga wasu al'amura. Shi kansa an yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya faɗa hannun Ubisoft a 2001, sunansa ya shuɗe. Wasan kuma an yi shi ne don tsohon tsarin DOS, sababbin na'urori ba su karɓarsa sai da dabara. Da an bar shi haka, da ya bi sahun littattafan da gara ta cinye don ba mai kwafa. Abin da ya cece shi shi ne an yarda an miƙa asalin rubutun ga jama'a biyu na masoyansa. Ɗaya ita ce Matrix Games, wadda ta fitar da Steel Panthers: World at War kyauta a 2000. Ɗayar ita ce Camo Workshop, 'yan mutane ƙalilan da suka faro da mayar da wasa na biyu zuwa zamanin Yaƙin Duniya, kana suka sake gina shi don Windows, suka fitar da winSPMBT a 2005 da winSPWW2 a 2006, suka kuma shekara da shekaru suna bin su da gyara. Na ƙarshen nan ya faro daga 1930 zuwa 1946, ya shigo da ƙananan ƙasashe da yawa waɗanda mawallafan farko ba su waiwaya ba. Jama'ar biyu sun saɓa a hukunce-hukunce da dama, kowace da mabiyanta, har hashiya ta zama littafi mai zaman kansa.

Duk da haka akwai abin da ba wani mai gyara da ya iya shigarwa. Mai wasa yana shawagi bisa fili kamar shaho, abin da soja ɗaya ya hango kowa ya gani nan take, alhali kyaftin na gaskiya yana cikin rami, ƙura ta rufe masa ido, rabin mutanensa bai san inda suke ba. Ƙauyukan da ke bisa taswira kuwa ba kowa cikinsu, ba tsohuwa, ba jariri, ba rumbun da zai ƙone. Wannan naƙasa ce babba, ya kamata mai wasa ya riƙa tuna ta.

Akwai kuma dagar da ke jiran mai gina ta da sani. A 1944 Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi yaƙi da Japan a kwarin kogin Kaladan na ƙasar Boma, ta 82 ta biyo bayanta, suka haɗu suka ci garin Myohaung a Janairu 1945, wata birget ta 'yan Nijeriya kuwa aka haɗa ta da mayaƙan Chindit. Da yawa cikin waɗannan mutane Hausa suke yi, kuma sunayen barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna daga can suka samo asali. Wanda zai zana wannan fili zai tarar tankokin da ake ta gardama a kansu ba su da wani amfani a wurin. Tuddai ne masu tsini da kurmin gora, inda ba a hangen abin da ya wuce gida ɗaya ko biyu na taswira. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo su, sa'an nan dubban sojoji 'yan dako su ɗauka a ka, har igwa mai bakin inci 3.7 akan kwance ta gunduwa-gunduwa a rarraba musu. Sai mai gyara ya zauna ya yanke hukunci gida nawa mutum zai ci a juyi ɗaya yana hawan tudu da bakin igwa a kansa, da kuma lambar ƙarfin zuciya da zai rubuta wa wanda ake harbi ba bindiga a hannunsa, bai kuma yar da kayan ba.