Damagaram a idon Jules Verne: birni guda, itace guda

A shekarar 1863 aka buga a birnin Paris wani littafin ƙagaggen labari mai suna "Cinq semaines en ballon", wato mako biyar cikin balan-balan. Shi ne ya fito da sunan Jules Verne, kuma har yau ana samun sa a ɗakunan karatu na ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Labarin wasu Ingilishi uku ne, Dokta Fergusson da abokinsa Kennedy da baransa Joe, da suka tashi daga Zanzibar suka ƙetare Afirka ta sama har kogin Senegal. Kaɗan ne cikin masu karatu suka lura cewa hanyar tasu ta bi ta kan Zinder.

Me suka hango? Ba kasuwa, ba masallaci, ba ayari. Abin da marubucin ya ba birnin 'yan layuka ne: filin kisa, da wani itacen mutuwa a tsakiyarsa, hauni na tsaye a gindi yana jiran duk wanda ya ratsa inuwar. Daga nan iska ta ɗauke su zuwa Damargu da Agadas.

Verne bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Da littattafan matafiya ya yi aiki. Bature James Richardson ya sauka Zinder a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya kuwa rubuta labarin wannan itace da na hare-haren kamun bayi. Ke nan ba ƙarya tsagwaronta aka yi wa Damagaram ba: an yi kisa, an sayar da mutane. Laifin yana wajen zaɓe. Su matafiyan, har da Heinrich Barth da ya iso a ƙarshen 1852, sun bayyana Zinder a matsayin mashigar fataucin Sahara, inda ayarin Gat da Tarabulus ke sauke kaya. A shekarar da littafin ya fito, Tanimun ke bisa gado, sarkin da ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin garinsa. Duk wannan bai sami layi ɗaya ba.

Haka littafin yake tun daga gabas. Baƙar fata ko dai taro ne mai ihu, ko masu cin naman mutum, ko wawayen da suka ɗauki balan-balan wata ne ya sauko. Wanda ke sama shi ke da suna, da ilimi, da bindiga; wanda ke ƙasa abin kallo ne. Har Fergusson na hasashen ranar da mutanen Turai za su kwararo Afirka in ƙasarsu ta gaji da noma. Ba a ce littafi ne ya kawo soja ba, amma yaran Faransa da suka tashi da irin wannan karatu su ne manyan 1899, shekarar da aka ci Zinder da yaƙi. Wanda aka koya wa cewa gari filin kisa ne kawai, ba zai ji nauyin karɓe shi ba.

Sai dai laifi tudu ne. Tatsuniyoyi da labaran Hausa su ma suna da nasu "wasu": Bagwari marar wayo, Bamaguje abin dariya, arnen da ba a ba shi baki sai dai ya sha takobi. Ɗan kasuwar da ya yi ciniki da Buzu a Zango, da ma'aikacin da aka tura Difa ko Tilaberi, sun san mutane sun fi abin da almara ke faɗi a kansu.

Don haka ba ƙone littafin Verne ne magani ba. A ba yara su karanta, amma malami ya ajiye tarihin Damagaram kusa da shi, ya tambaye su: wa ke magana, wa aka hana magana? Sa'an nan a yi wa tatsuniyar gida wannan tambaya. Garin da bai rubuta labarinsa ba, mai wucewa ta sama ne zai rubuta masa.