YADDA A KE HAƊA MURYOYI DA YAWA SU ZAMA WAƘA ƊAYA

Masu karatu, sau da yawa mutum ya kan buɗe rediyo ya ji waƙoƙi biyu a jere. Ta fari ya ji kowace kalma sarai, ganguna na bayan mawaƙi, 'yan amshi na gefensa, kamar dai suna zaune gabansa a dandali guda. Ta biyu kuwa, ko da mai ita ya fi na farin fasaha, sai a ji ta a dagule, kiɗa ya danne murya, kowane ɗan amshi kamar daga cikin tasa rijiyar ya ke magana. Galibi laifin ba na mawaƙi ba ne, na wanda ya haɗa sautin ne, amma mawaƙin shi zai yi hasarar kuɗinsa da sunansa. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana dabaru biyu waɗanda aikin ya dogara a kansu, tun da ya ke samari da yawa sun shiga koyon sana'ar da kwamfuta, kuma malamansu su kan fara tambaya.

ƊAUKA LAYI LAYI

A da makaɗa su kan taru gaban makirufo, abin da ya shiga faifai ya shiga ke nan. A cikin 1957 kamfanin Ampex na Amurka ya miƙa wa wani makaɗin jita mai suna Les Paul injin da ke ɗaukar layi 8 a kan tef ɗaya, watau kowace murya da nata layin, a gyara ta ba tare da an taɓa sauran ba. Daga baya aka sami mai layi 16, aka sami mai 24, yau kuwa kwamfuta tana ɗaukar fiye da ɗari.

To, a nan wahala ta ke. Kowane layi yana da nasa maɓalli mai zamewa sama da ƙasa, wanda a ke ƙara ƙarfin sauti ko a rage da shi, 'yan sana'ar suna ce masa feda. Ga layuka barkatai, ga mai aiki da yatsu goma kurum.

DABARA TA FARI: MATATTARA

Masu aikin suna kiranta bas. Ba mota a ke nufi ba, ko da ya ke asalin kalmar ɗaya ne. Masu aikin lantarki ne suka fara kiran sandar tagulla wadda wayoyi da yawa ke haɗuwa a kanta da wannan suna. Mu dai za mu ce mata matattara.

A ɗauka an ɗauki waƙa mai layi 12: mawaƙi 1, 'yan amshi 4, kalangu 3, ganga 2, goge 1, sarewa 1. Mai haɗawa zai fara daidaita 'yan amshin nan huɗu a tsakaninsu, kada wani ya fi wani, sa'an nan ya tura su duka cikin matattara guda. Hakanan zai yi wa kalangai da ganguna, hakanan goge da sarewa. Feda 12 sun koma 4 ke nan. In amshi ya so ya rufe mawaƙi, da yatsa ɗaya za a sassauta shi, daidaiton da aka yi tsakanin mutum huɗun kuwa yana nan bai rushe ba. In murya ta yi kauri, gyara ɗaya a kan matattarar ya ishe su duka. Kowane akawu ya san wannan tsari, gama haka ya ke tara ƙananan lissafi ƙarƙashin kai ɗaya kafin ya kai ga babbar jimla. A nan babbar jimlar ita ce matattara ta ƙarshe mai hagu da dama, wadda ita ce ke isa kunnen mai saurare.

Amma a lura, sauti in ya taru ƙaruwa ya ke yi. Da desibel a ke auna ƙarfinsa. Muryoyi biyu dabam masu ƙarfi ɗaya in sun haɗu su kan ƙaru da wajen desibel 3, in kuwa sauti ɗaya ne tak aka ninka, da 6. Wanda ya cika kowane layi tun daga fari, zai tarar matattara ta ƙarshe ta tumbatsa, sautin ya fashe. Maganinsa shi ne a sauke ƙananan fedoji tun da wuri.

Mutanen da sun yi irin wannan tari bisa tilas. Mawaƙan nan na Ingila, Beatles, da injin mai layi 4 suka ɗauki faifansu na 1967 a situdiyon Abbey Road da ke Landan. In layukan sun cika, sai a haɗe su a juye cikin layi ɗaya ko biyu na wani injin, don a sami fili. Abin da aka haɗe kuwa ba ya rabuwa. Matattara ta yau ta fi wannan sauƙi, gama ana iya komawa a warware ta.

DABARA TA BIYU: AIKE

Matattara tana ɗauke sauti ɗungum. Aike kuwa kwafi kawai ya ke ɗauka, kamar akawu ya sa takardar kaban: ainihin wasiƙa ta tafi inda za ta, kwafin ya tafi wani ofis. Inda aka fi aika kwafin shi ne wurin yin amsa-kuwwa, irin wadda mutum ke ji in ya yi magana cikin babban soro, wadda 'yan sana'ar su ke ce wa eko.

A cikin 1947 wani injiniya a Shikago, Bill Putnam, ya sa lasifika da makirufo cikin ɗakin wanka, ya tura kiɗa ciki, ya kamo amon bangon ya gauraya da na asali. Kamfanin Capitol, da ya gina hedikwatarsa a Holiwud cikin 1956, sai ya haƙa ɗakunan kankare wajen ƙafa 30 a ƙarƙashin ƙasa musamman don wannan aiki. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fito da wani faffaɗan farantin ƙarfe mai rawa cikin akwati, nauyinsa wajen kilo 270, yana kwaikwayon amon ɗaki.

Ba wanda zai iya haƙa wa kowane makaɗi ɗakinsa. Tilas duka su yi tarayya cikin ɗaya, sai aka ba kowane layi ɗan maɓallin da zai ƙayyade yawan kwafin da zai aika, amon kuma ya komo ta layi guda. Abin da rashi ya jawo sai ya zama alheri, gama da ya ke ɗaki ɗaya kowa ya shiga, kunne ya kan yarda wuri ɗaya su ke. Wanda aka aika nasa kaɗan a ji shi kusa, wanda aka aika nasa da yawa a ji shi can baya.

Ga asalin dagulewar waƙar nan ta biyu da muka ambata. Kwamfuta ba ta hana mutum ya liƙa wa kowane layi eko dabam, sai yaro ya sa goma sha biyu, ya watsa makaɗansa cikin ɗakuna goma sha biyu.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Na ɗaya, aike iri biyu ne. Akwai wanda ke ɗaukar kwafi bayan feda, shi a ke yi wa eko, don in an sauke murya amonta ya sauka tare da ita. Akwai mai ɗauka kafin feda, shi a ke tura wa abin da mawaƙi ke sawa a kunne, don kada abin da ya ke ji ya riƙa sākewa yana tsakiyar waƙa.

Na biyu, layin komowa ya ɗauko amo zalla, ban da muryar asali, in ba haka ba murya za ta ninku.

Na uku, a rage wa amon kaurin ƙasa, gama shi ke cushe waƙa, babbar ganga kuwa a aika nata kaɗan ƙwarai.

Na huɗu, kada a aika layin komowa cikin kansa, sautin zai yi ta zagaye har ya zama ƙara mai cutar kunne da lasifika.

Na biyar, in an gama a saurara ta ƙaramar rediyo ko wayar hannu, don da su yawancin jama'a za su ji.

Shawararmu ga mai koyo ita ce, ya yi wa kansa iyaka kamar ta mutanen da: matattara uku ko huɗu, eko ɗaya, har hannunsa ya faɗa. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma a ke magani. In ya gama, ya kira wanda bai taɓa jin waƙar ba ya saurara sau ɗaya. In mutumin ya iya maimaita abin da mawaƙi ya ce, aiki ya yi. In bai iya ba, a koma kan fedoji.