Girman kai rawanin tsiya: Sarki Si cikin waƙar Nuhu Maliyo

Daga unguwar Zongo, inda fatake da 'yan kasuwa Hausawa suka daɗe da zama a birnin Yamai, tafiya kaɗan ce a bin kogin Kwara zuwa Saga. A can ne wani jasare, wato marokin Zabarmawa mai riƙe da tarihin sarakuna, Nuhu Maliyo, ya zauna har rasuwarsa cikin 1986. A ƙarshen 1980 da farkon 1981 wani malami Ba'amurke, Thomas Hale, ya ɗauki muryarsa yana rera labarin Mamar Kasai, wanda littattafai suka sani da sunan Askiya Muhammadu. Mamar ne gwarzon waƙar, amma wanda ya fi ban tausayi a cikinta shi ne kawunsa, Sarki Si, wato Sonni Ali Ber.

Tarihi ya shaidi ƙarfin wannan sarki. Ya mulki daular Sanwai daga 1464 zuwa 1492, ya ci Tumbutu, ya ci Jenne, malaman Tumbutu kuma suka rubuta shi azzalumi. Sai dai jasare ya shiga da mai sauraro cikin gidan sarki, inda babu tambura babu 'yan kallo. Masu duba sun gaya wa Si cewa ƙanwarsa Kasai za ta haifi ɗan da zai kashe shi ya gaje gadonsa. Tun daga ranar, duk jaririn da ta haifa sai ya sa a kashe. Mutumin da birane ke rawar jiki in an ambace shi, ga shi yana fargabar kukan jinjiri. A fada ana yi masa kirari, a cikin gida kuwa yana ƙidayar watannin cikin 'yar'uwarsa.

Girman kan nasa ne ya rufe masa ido. Da Kasai ta haifi Mamar, sai ta musanya shi da 'yar wata baiwa da aka haifa lokaci guda. Si ya kashe yarinyar, hankalinsa ya kwanta. Yaron ya girma a gabansa yana yi masa hidimar doki, sarki ya taɓa zarginsa amma ya ƙyale shi, don a ganinsa ɗan baiwa ne. Ranar Salla, a filin idi, Mamar ya zo bisa farin doki kamar mai kai gaisuwa, ya soke shi da mashi a gaban jama'a.

Littattafan Tumbutu sun ce ruwa ne ya ci Sonni Ali cikin 1492, Askiya kuma ya karɓi mulki cikin 1493 bayan ya ci ɗansa Sonni Baru da yaƙi. Jasare ya zaɓi wata mutuwa dabam domin ta dace da halin mutumin: wanda ya raina ne ya kayar da shi.

Turawa ma suna da irin wannan. Cikin 1667 mawaƙin Ingila John Milton ya fitar da doguwar waƙa mai suna Paradise Lost, inda Shaiɗan ke cika baki gaban rundunarsa, in ya kaɗaita kuma sai baƙin ciki ya ci shi, ya san tuba ce mafita amma girman kai ya hana. Musulmi sun san tushen labarin tun daga Iblis da ya ƙi yi wa Annabi Adamu sujada.

Darasin bai tsaya ga sarakuna ba. Attajirin da karaya ta kama amma yake cin bashi don kada a ga rigarsa ta koɗe, da shugaban ma'aikata da ke danne duk wani yaro mai basira don tsoron kujerarsa, duka suna ɗanɗanar abin da Si ya ɗanɗana. Allah ya tsare mu da rawanin da ke hana mai shi barci.