Gargaɗi: A Yi Hattara da Ƙofar Sabunta Manhaja

Jama'a masu riƙe da waya da kwamfuta, musamman masu shagunan buga takardu, masu POS, ma'aikatan gidajen rediyo da 'yan jarida, ga wata magana da ba ta jiran gobe.

Kwanakin baya na kai wayata gyaran wurin caji. Da yaron shagon ya gama, sai ya miƙo mini ita yana murmushi, ya ce, "Alhaji, na kashe maka ofdet ɗin nan gaba ɗaya. Data yake sha, kuma da shi ake leƙen asirin mutane." Shi a ganinsa alheri ya yi mini. Ban bar shagon ba sai da na ga ya tura wa wata baiwar Allah sabon WhatsApp na bayan fage daga tasa wayar, irin mai ɓoye cewa ka karanta saƙo, yana ce mata, "Hajiya, wannan shi ne na yayi." Ya rufe mini ƙofar da na san mai ita, ya buɗe mata wadda babu wanda ya san abin da ke bayanta. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare, kuma ita ce dalilin wannan gargaɗi.

A yi wa yaron adalci, rabin maganarsa gaskiya ne. Duk manhajar da ke duba ko an fitar da sabon gyara, sai ta yi magana da kwamfutocin kamfanin da ya yi ta, sau da yawa ba tare da ta nemi izininka ba. Kuma ba ta zuwa hannu rabbana. Tana faɗin sigar da kake amfani da ita, da irin na'urarka, da harshen da ka zaɓa. Adireshin IP ɗinka kuwa dole ya bayyana, don ta nan amsa za ta dawo, kuma daga shi ana iya gane ƙasarka, da kamfanin layinka, wani lokaci har da garin da kake. Wasu manhajojin suna haɗawa da wata lamba da ta keɓanta da na'urarka kaɗai. In aka tara wannan kullum na tsawon shekara, wanda ke riƙe da rajistar zai san lokacin da kake kunna kwamfuta, da ranar da ka yi tafiya Abuja, da ranar da ka dawo. Ba ka faɗa wa kowa ba, na'urarka ce ta faɗa.

Masu haɗa shirye-shiryen rediyo sun san Audacity, manhajar tace murya ta kyauta. Shekaru da dama tana aikinta ba ta tuntuɓar kowa. A 2021 kamfanin Muse Group ya karɓi ragamarta, ya fito da sabuwar takardar sirri mai maganar miƙa bayanai ga babban ofishinsa a Rasha da kuma hukumomin tsaro in sun buƙata. Duniya ta yi masa ca. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya gyara takardar, kuma duba sabuntawar da ya shigar a siga ta 3.0.3 ya bar wa mai amfani damar kashe ta. Abin lura a nan, surutun jama'a ne ya sa aka ja da baya. A ranar 12 ga Nuwamba 2020 ma, wata kwamfutar Apple da ke tantance shaidar manhajoji ta yi nauyi, sai masu Mac a faɗin duniya suka ga manhajojinsu sun ƙi buɗewa da wuri. A nan da yawa suka fara sanin cewa na'urarsu tana tambayar Apple kafin ta buɗe musu abu, kuma tambayar ba a lulluɓe take tafiya ba. Daga baya Apple ya yi alƙawarin daina ajiye adireshin IP na wannan binciken.

Waɗannan duk ƙanana ne idan aka kwatanta da abin da ya fito fili a Nuwamba 2016. Wani kamfanin bincike a Amurka, Kryptowire, ya gano cewa wasu wayoyi masu araha na kamfanin BLU suna ɗauke da manhajar sabuntawa ta wani kamfanin Shanghai mai suna Adups. Aikinta a takarda shi ne kawo wa waya sabon gyara ta iska. A ɓoye kuwa, duk bayan awa 72 tana kwashe saƙonnin tes na mai wayar ɗungurungum, ta aika wa wasu kwamfutoci a ƙasar Sin, haɗe da jerin kiraye-kirayensa da lambobin da ya ajiye. BLU ya ce wayoyi kimanin 120,000 abin ya shafa. Adups ya ce kuskure ne, wai ba don wayoyin Amurka aka yi wannan sigar ba, amsar da ta fi tayar da hankali fiye da kwantar da shi, tunda kenan akwai waɗanda aka yi ta dominsu. Me ya sa ta iya wannan ɓarna? Saboda manhajar sabuntawa ita ce mai mukullin kowane ɗaki a cikin waya. Mai wayar ba ya ganinta a kan allo, ba ya iya goge ta, kuma manhajar kashe ƙwayoyin cuta ba ta zarginta tunda da ita aka sayo wayar. Mu da kasuwarmu ta cika da wayoyi masu sunayen da ba a taɓa ji ba, waɗanda ake sayarwa rabin kuɗin sanannu, ya kamata wannan labari ya tsaya mana a rai.

To, sai a kashe sabuntawar a huta? A'a. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

A ranar 14 ga Maris 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a Windows. Wata biyu bayan nan, ranar 12 ga Mayu, cutar WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitoci suka koma biro da takarda, aka soke ganin likita da ayyukan jinya kusan 19,000. Maganin yana nan tun Maris, waɗanda ba su sha ba su suka kwanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ranar da kamfani ya sanar da gyara, ranar ce ɓarayi ma suke sanin inda tsagar take. Wanda ya kashe sabuntawa don kada kamfani ya ga adireshin IP ɗinsa, ya bar hotunan iyalinsa da manhajar bankinsa ga duk wanda ya iya lallaɓowa.

Ita kanta ƙofar gaskiyar ana fashinta, kada in ɓoye muku. A Yuni 2017 an cusa cutar NotPetya cikin sabuntawar M.E.Doc, manhajar lissafin haraji a Yukiren, ta bazu har ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk. A 2019 kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya bayyana cewa an yi amfani da manhajar sabuntawa ta ASUS wajen raba gurɓataccen gyara ga dubban mutane, alhali na'urori kimanin 600 kacal ake farauta ta lambobinsu. Amma irin wannan aiki ne na manyan 'yan kutse masu dogon shiri. Abin da ya fi cin talaka a nan shi ne sabuntawar jabu: kana cikin kallon bidiyo sai allo ya yi ja, waya ta kama rawa, a ce ta kamu da cuta, danna nan ka sabunta. Ko a turo mahaɗa a zauren WhatsApp a ce wanda bai sabunta ba kafin ƙarfe goma sha biyu za a rufe masa layi. Ƙarya ce tsagwaronta. Sabuntawa ta gaskiya ba ta zuwa ta tes ko ta zaure, ba ta tambayar BVN, ko NIN, ko lambar sirrin kati, ko lambar da banki ya turo maka yanzu. Su kuwa kwafin WhatsApp na bayan fage, a 2021 Kaspersky ya samu cutar Triada a cikin FMWhatsApp, a 2022 ya sake samun ta a YoWhatsApp, cutar da ke iya yi maka rajistar biyan kuɗi ba da saninka ba, har ta sace asusunka. Duk lokacin da irinsu suka ce a sabunta, daga hannun wanda ba ka sani ba kake karɓa.

Don haka a bar sabuntawar tsaro ta waya da ta kwamfuta a kunne. In tsadar data ce damuwar, kuma damuwa ce ta gaske, a shiga saitin Play Store a zaɓi sabuntawa ta Wi-Fi kaɗai, a Windows kuma a nuna cewa layin na awo ne, sannan a ware rana a sauke. A sani cewa duba gyara daban, tattara bayanan yadda kake amfani da manhaja daban. Kamfanoni suna son cakuɗa su, amma a Windows da Android akwai wurin rage na biyun a bar na farkon. Manhajar da ba ka buɗe ba wata shida, goge ta, domin tana iya ci gaba da kai rahoto ko ba ka taɓa ta ba. Ɗan jarida ko lauya mai riƙe da sirrin wasu, ya yi tunani sau biyu kafin ya karɓi sabuntawar da ta faɗo masa a Wi-Fi na otel.

Masu shaguna da ofisoshin da har yanzu ke kan Windows 7, Microsoft ya daina gyara ta tun 14 ga Janairu 2020. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin lokaci. A kan irin waɗannan kwamfutoci ake buga takardun NIN da fasfo da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan wanda ya karɓa. Wanda aka yi wasa da bayanansa yana da damar kai ƙara hukumar kare bayanai ta NDPC.

Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, buɗe saitin wayarka, ka gangara wajen bayanin waya, ka duba kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. In ya haura shekara, ka nemi sabo. In wayar ta ce babu, to kamfaninta ya sallame ta, ka fara shirin ɗauke manhajar banki daga cikinta. In kuma kwanan nan ka kai ta gyara, duba ko an yi maka irin alherin da aka yi mini.