Abubuwan da ya kamata ka sani game da fim ɗin Rope na Alfred Hitchcock

Gawa a akwati, abinci a kan murfi

Tun a mintunan farko na Rope, wanda ya fito a 1948, aka nuna kisan. Samari biyu, Brandon da Phillip, sun shaƙe abokinsu David da igiya a gidansu na New York, suka cusa gawar cikin akwatin katako, suka jera abinci a kai, sannan suka tarbi baƙi, har da mahaifin mamacin. Mai kallo ya san komai, baƙin ba su san komai ba. Fargabar duka ita ce yaushe za a ɗaga murfin.

Kyamarar da ba ta ƙiftawa

Hitchcock ya so fim ɗin, mai tsawon kusan minti 80, ya zama kamar a tashi ɗaya aka ɗauke shi. Kyamarar lokacin kuwa ba ta wuce kimanin minti 10 sai zaren fim ɗin cikinta ya ƙare. Sai ya yi dabara: a wasu lokutan, idan zaren ya kusa ƙarewa, kyamara ta matsa jikin bayan kwat ɗin wani har allo ya yi baƙi, a sake mata lodi, a ɗora daga nan. An sa wa bangon ɗakin tayoyi, ma'aikata na janye kujeru suna mayarwa don kyamarar ta samu hanya. Ta taga kuma ana ganin rana na faɗuwa sannu a hankali.

Amfanin wannan wahala shi ne mai kallo ba shi da mafita. Yana ɗakin tare da gawar har ƙarshe, kamar da shi aka ƙulla.

Ina Nietzsche ya shigo?

Labarin ya fito daga wasan daɓe na Patrick Hamilton na 1929, wanda ake dangantawa da Leopold da Loeb, ɗaliban da suka kashe yaro ɗan shekara 14 a Chicago a 1924. A fim ɗin, tsohon malamin samarin kuma ɗaya daga cikin baƙin, Rupert, wanda James Stewart ya fito a matsayinsa, ya saba faɗi cikin raha cewa mafifitan mutane suna da ikon kashe na ƙasa da su, karkatacciyar fahimta ta tunanin masanin falsafa Nietzsche. Brandon ya ɗauki rahar da gaske. Mahaifin David ne ya tuna musu Hitler, shekara 3 kacal da gama Yaƙin Duniya na Biyu.

A ganina, raunin fim ɗin yana ƙarshensa. Rupert ya buɗe akwatin, ya ce an murɗe masa magana, ya wanke kansa cikin jawabi ɗaya, alhali a gabanmu ya kare ra'ayin a idon mahaifin David.